Gindin Shantalin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, maƙerin fari ne a Tamawa. Bai taɓa ƙera fartanya ko lauje ba. Aikinsa tagulla ce da azurfa, munduwa da warwaro da zobe, sai gyaran tasoshin mata idan sun fashe. A shekarar da ya gama koyon sana'a ya samu falle ɗaya na jan ƙarfe ya buga wa kansa shantali, wato butar alwala, kuma da shi ya yi ta alwala har gemunsa ya yi fari fat. Mu da muka taso muna zuwa gidan hutu mun san dokar: ka taɓa guduma, ka taɓa zugazugi, amma kada ka kuskura hannunka ya kai kan shantalin nan. Ni na taɓa kuskurewa sau ɗaya ina ɗan shekara tara, na ɗebo wa awaki ruwa da shi, kuma har yau kunnena na hagu bai manta ba.

A daminar da nake ba da labari Kawu ya kwanta ciwo. Ba ciwo ne mai ihu ba, ƙarfi ne kawai yake zarewa daga jikinsa kaɗan-kaɗan, hannuwansa kuma suka kama rawa. Duk da haka yana iya zama a bakin gado ya yi alwalarsa da kansa, saboda daidai hannunsa ya ƙera shantalin. Mariƙin yana zama cikin tafinsa daram, bakin kuma siriri ne, da an ɗan karkata shi ruwa zai zubo kamar zare. Ana cikin haka sai gindin shantalin ya fara yoyo. Shekara hamsin da ɗoriya ana dire shi a kan ƙasa da dutse, ƙarfen ya cinye, ƙananan huji uku suka bayyana. Aka kawo masa butar roba ya gwada, hannun ya yi rawa, ruwan ya kwararo gaba ɗaya ya jiƙa masa riga da shimfiɗa. Daga ranar matarsa, wadda muke kira Inna, ita take zuba masa ruwa. Bai yi ƙorafi ba, amma Inna ta gaya wa mahaifiyata cewa abin yana cinsa, kuma tun da aka fara hakan ya rage magana.

Babban ɗansa taubashina ne, wata huɗu ne tsakaninmu, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba. Bai gaji ƙira ba. Shago gare shi a cikin garin Kurfi, yana cajin batir, yana naɗa koyil na injin ban-ruwa, yana like lagireton mota. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Furofesa, dukanmu kuma mun san ba yabo ba ne. Shi ya fara ɗaukar shantalin ya ce zai like shi da dalma. Dalma ba ta kama ƙarfe sai an kankare shi, da ya sa wuƙa ya fara kankara sai huji ɗaya ya ƙara buɗe baki, ya janye hannu da sauri. Ya mayar wa mahaifinsa ya ce ƙarfen ba shi da sauran naman da zai riƙe komai.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Dutsin-Ma, a lokacin kuma na koma jami'a ina digiri na biyu. Shekara ɗaya da rabi ina zaune gaban kofin gilas mai shuɗin ruwa, na tsoma ƙarafa biyu a ciki, ina sakar musu lantarki kaɗan-kaɗan ina rubuta abin da mita ta nuna. Abin da ke faruwa a kofin ba shi da wuyar faɗa. Shuɗin ruwan nan jan ƙarfe ne a narke. Kowace ƙwayarsa da ke yawo a ciki ta rasa ƙwayar lantarki guda biyu, shi ya sa ta kasa zama ƙarfe. Idan ta iso jikin abin da aka haɗa da baƙin kan batir ta karɓi biyun nan, sai ta koma ƙarfe ta manne a wurin. Abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ba ta karɓarsu tare. Ɗaya take karɓa, sannan ɗaya. Ta farkon da ƙyar take shiga, don ƙwayar tana lulluɓe da ruwan da ya kewaye ta, sai ta sassauta shi tukuna. Ta biyun kuwa nan take. Saboda haka duk saurin aikin yana hannun matakin farko, kome gaggawar na biyu dole ya jira. Digirina gaba ɗaya a kan wannan mataki mai nawa yake: me ke ƙara masa sauri, me ke daƙile shi, kuma a ina yake daina zama shi ne mai riƙe aikin.

Mutanen gidanmu ba su taɓa gane abin da nake yi ba. Mahaifiyata tana gaya wa maƙwabta cewa karatun ruwan batir nake yi. Taubashina kuwa cewa yake shi yana cajin batir ashirin a yini, ni shekara ɗaya da rabi ban gama cajin kofi ɗaya ba. Maganar nan tana yi mini zafi fiye da yadda nake nunawa, don ni mutum ne mai gajen haƙuri da son a ce na iya, kuma na san haka game da kaina tun ba yau ba.

Ranar da na je duba Kawu na tarar da shantalin a kife a kan wani buhu a ƙuryar ɗaki. Na ɗaga shi wajen ƙofa, na hango haske ta hujin uku, nan take na ga abin da zan iya yi. Idan ƙarfen ya cinye, ai ana iya shuka masa sabo. Na zauna a gaban gado na yi wa Kawu bayani iyakar iyawata, cewa za mu tsoma gindin a wani ruwa, jan ƙarfe ya riƙa hawa kansa ƙwaya-ƙwaya har ya yi kauri ya rufe hujin. Taubashina yana jingine da ƙofa yana murmushin mugunta. Kawu ya saurara har na gama.

"Ba wuta, ba guduma?" in ji shi.

Na ce babu, ruwa ne kawai da batir.

"Kwana nawa?"

"Biyar, Kawu."

Ya daɗe yana kallon shantalin a hannuna. Sannan ya ce, "Ku tahi da shi. Amma kada ku taɓa mani bakin, nan ne aikin yake."

Makaranta tana hutu, don haka ranar Litinin da hantsi na isa shagon Kurfi da ƙullin shuɗin gishiri, irin wanda masu maganin dabbobi ke sayar wa makiyaya don ciwon kofato. Shi ne gishirin jan ƙarfen da nake amfani da shi a jami'a, sai dai na jami'a ya fi tsabta da tsada. Muka narkar da shi a ruwan sama da aka tara a baho, muka ɗiga ruwan batir kaɗan, muka zuba a tsohuwar robar fenti da muka wanke tas. Taubashina ya warware wayar wani ƙonannen koyil, ya ƙone fentin jikinta, ya wanke ta da toka da tsamiya, ya naɗe ta kamar gammo ya shimfiɗa a ƙasan robar. Ita za ta riƙa narkewa tana ciyar da ruwan. Shantalin kuwa da yatsa muka wanke gindinsa, a hankali. Muka toshe hujin da kakin zuma daga ciki, na goga baƙin fensir a kan kakin don lantarki ya samu hanyar bi, muka shafe jikin da kaki har inda ruwa zai iya kaiwa, muka bar gindin kaɗai a buɗe. Sannan muka rataye shi a sanda, gindin a cikin ruwa, bai taɓa gammon ba.

Saura wuta. Batirin mota ya fi ƙarfin aikin nesa ba kusa ba, don abin da muke so bai kai ko bolt ɗaya ba. A jami'a akwai na'ura mai maɓalli da nake murɗawa in samu daidai abin da nake so, a nan kuwa na tsaya ina sosa kai. Taubashina ya buɗe wani gwangwani ya ɗauko ƙwan fitilar birki na mota, ya sa shi a tsakiyar layin. Ya ce ƙwan zai cinye yawancin ƙarfin, ya bar abin da zai iya wucewa ta cikinsa kawai. Na auna da mita, na ga ya yi daidai da lissafina kamar an gwada. Dabarar tasa ce, kuma na ji haushin cewa ba tawa ba ce.

Ba a yi minti goma ba muka ɗaga sandar muka leƙa. Tsohon gindin nan mai duhu ya yi wani irin launi, ja-ja mai haske kamar cikin jan goro da aka ɓare yanzu. Taubashina ya ce, "Ikon Allah." Baƙin fensir ɗin da ke kan kaki ya fi ɗaukar lokaci. Jan yana cinsa daga gefe zuwa tsakiya, kafin la'asar duka hujin uku sun rufe da wata fata da ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba. Na yi farin ciki ranar irin wanda ban taɓa yi a ɗakin gwaji ba.

Ranar Talata taubashina ya tambaye ni abin da na san zai tambaya. Tunda ƙaramin ƙwai ya yi wannan a yini ɗaya, me zai hana mu sa babba mu gama yau? Na gyara zama, don dama nake jira. Na ce ya tuna rijiyar bayan gidansu a Tamawa. Masu ɗaukar tulu suna da yawa kuma suna da sauri, amma mai jan guga ɗaya ne, don haka ruwan da zai shiga gida a hannunsa yake. Ƙara wuta kamar ƙara masa ƙarfi ne, kuma da gaske yana aiki: ɗan ƙari kaɗan a bakin ƙarfen, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na bolt ba, yana ninka saurin matakin farko har sau goma. Amma idan aka yi ta ja fiye da yadda idon rijiyar yake kawowa, za a kai inda mai guga ba shi ne matsalar ba kuma, rijiyar ce, kuma abin da zai fito a gugan laka ce. Ya gyaɗa kai ya ce ashe dai Furofesa ya san wani abu ban da cin tuwon gidan mutane. Na yi masa wannan bayani da bakina, ina jin daɗin muryata.

Haka muka yi kwana biyu. Mukan fara da hantsi, mu ɗauraye gindin da ruwa mai ɗan tsami don sabon ya kama na jiya, mu mayar da shi, ni kuma in zauna a kan benci ina juya ruwan da tsinken kara lokaci-lokaci. Da la'asar nakan tashi, don a shekarun nan ba wanda ke son magariba ta same shi a hanya, shi kuma ya ci gaba har ya rufe shago. Masu kawo batir suna leƙa robar su yi tambaya. Wani dattijo daga Barkiya ya ga shuɗin ruwa ya tambaya ko mun buɗe marina ne, yana da rigar da ta koɗe.

Ranar Laraba wajen sha ɗaya Inna ta kira. Kawu ya kwana da zazzaɓi, bai ci komai ba, kuma sau biyu yana tambayar shantali. Taubashina ya tayar da babur, ya ce mini in dai riƙa juyawa, ya tafi.

Na zauna ni kaɗai da robar da ɗan ƙwan nan mai ja-ja. Tsoro ne ya fara kama ni, tsoron kada mu gama aikin babu mai amfani da shi. Bayan tsoron kuma akwai wani abu da ya fi shi muni, wato hoton kaina ina shiga gidan Tamawa da yamma riƙe da shantali, kwana biyu kafin alkawari, kowa yana cewa ashe karatun ruwan batir ba banza ba ne. Na yi lissafi a bayan kwalin sigari da na tsinta a ƙasa. Idan na ninka wutar sau biyar, aikin kwana biyu da rabi zai shiga cikin rabin yini. Na san amsar da littafi zai ba ni, amma na ce wa kaina ai idan na yi ta juya ruwan da ƙarfi zan kai wa ƙarfen abinci da hannuna. Na buɗe gwangwanin nan na ɗauko ƙwan fitilar gaba guda biyu, manya, na jera su a madadin ƙaramin. Shagon ya haske kamar ana biki.

Abin da ya ƙara ruɗa ni shi ne da farko ya yi kyau. Matakin farko yana amsa kira idan aka matsa masa, jan ya yi ta hawa, ina juyawa ina leƙawa ina murna. Sai aka kira azahar. Masallacin ba nisa, na ce ai minti goma ba za su yi komai ba. Da aka idar wani mutum ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambayar jikin Kawu, ya kuma kawo labarin munduwar da Kawu ya taɓa ƙera wa mahaifiyarsa, ban iya katse shi ba. Da na dawo na tarar ruwan yana fitar da ƙananan kumfa a gefen shantalin. Na ɗaga sandar. Gindin ya koma baƙi-baƙi, ya yi tsiro-tsiro a gefe kamar saiwar gero, da na taɓa shi da yatsa sai ya murmushe ya bar mini laka a hannu.

Ba sai wani ya gaya mini abin da ya faru ba. Ƙwayoyin jan ƙarfen da ke kusa da gindin sun ƙare, na nesa ba su iso ba, babu kuma mai juyawa. Jinkirin ya tashi daga karɓar lantarki ya koma kan isowa wurin. Lantarkin da ya zo bai tarar da jan ƙarfe ba sai ya auka wa tsamin ruwan yana fitar da iska, ɗan abin da ya samu ya sauka kuma ya sauka a hargitse, gari maimakon ƙarfe. A takardun digirina akwai wurin da layi yake hawa yana hawa sai ya kwanta ya miƙe, na zana wannan kwanciyar ya fi sau talatin, na san sunanta, na san lissafinta.

Da na tsaya a nan, da ɓarnar rabin yini ce kawai. Garin nan ana iya ɗauraye shi a hankali da ruwa da tsumma mai laushi. Amma ni so nake in ɓoye kafin taubashina ya dawo. Na ɗauki buroshin waya da yake goge kan batir da shi na hau gurza. A gurza ta huɗu ko ta biyar na ji wani ɗan ƙaras a ƙarƙashin hannuna. Fatar kwana biyun da ke kan kaki ta yage, ta kuma tafi da tsohon ƙarfen da ke tsakanin huji biyu. Inda da akwai huda kamar ta allura, yanzu akwai rami da babban yatsana zai iya rufewa da ƙyar.

Bayan la'asar ya dawo. Ya dubi manyan ƙwayayen fitilar da ban ma tuna na cire ba, ya dubi buroshin, ya karɓi shantalin ya ɗaga shi wajen ƙofa. Na tsaya ina jiran tsokana, ina ma roƙonta a zuciyata, don da ya ce mini Furofesan laka da na samu sauƙi. Bai ce ba. Ya kira ni da sunana na yanka, abin da bai yi ba tun muna yara, ya ce, "Ya tambaye ni, na ce mashi jibi." Daga nan ya ɗauki tsumma ya fara share bencin.

Ranar Alhamis ta tafi a gyara. Muka tace ruwan da ƙyalle har sau uku don fitar da garin da ya zube. Ya yanko ɗan siririn falle na jan ƙarfe daga cikin wani tsohon lagireto, ya daidaita shi da ramin, ya kwantar da shi a kan sabon kaki don sabon ƙarfe ya samu gadar hawa. Hannunsa a wannan aikin hannun mahaifinsa ne, ko da yake ya ce bai gaji ƙira ba. Na sake lissafi, wannan karon a gabansa, na ce tunda yanzu akwai faci dole kaurin ya fi na da, kwana shida. Ya ce to. Ya mayar da ƙaramin ƙwan da kansa, ya zuba manyan biyun a aljihu ya tafi da su gida.

Na dawo da kwana gidansa a Kurfi don mu riƙa farawa da sassafe. Kwanakin nan shida su ne mafi shiru da na taɓa yi. Ina zaune a benci, tsinken kara a hannu, ina juya ruwa. Wani yinin hadari ya rufe rana, farantin sola ya kasa cika batir, muka canza wani. Wani yinin ruwa ya sauka a kan kwanon shagon har ba ma jin juna, ga ƙanshin masara gasasshiya daga rumfar da ke kallonmu. Babu abin da ido zai gani yana motsi a robar. Sai dai kowace safiya idan na shafa gindin nakan ji gefen facin ya ƙara nutsewa, har ranar da yatsana ya wuce ta kai bai tsaya ba. A da idan na ce mataki mai nawa, suna ne kawai da nake rubutawa a allo yara su kwafa. A bencin nan na zauna tare da shi tun daga hantsi har yamma, babu abin da zan iya yi masa sai in kawo masa abinci kusa in ƙyale shi.

Ban je Tamawa ba a kwanakin, kunya ta hana ni. Taubashina ne yake zuwa kullum, kuma kullum labarin da yake kawowa yana raguwa. Ranar Juma'a ya ce zazzaɓin ya sauka, Kawu ya zauna da kansa har ya sha fura. Ranar Asabar ma ya zauna, ya kuma tambayi shantali, aka ce masa an samu ɗan jinkiri. Ranar Lahadi ya ce sai da aka tallafe shi. Ranar Litinin bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar Laraba da hantsi muka cire shantalin. Muka zuba ruwan zafi kakin ya narke ya fita, muka goge gindin da toka da tsamiya, da yatsa. Na cika shi da ruwa na dire a kan takardar buhun siminti, muka zauna muna kallonsa sa'a guda cur. Da muka ɗaga, takardar a bushe take. Ya naɗe shi a cikin tsohon rawani, na rungume shi a bayan babur, muka bi hanyar Tamawa ta tsakanin gero da ya fi tsayin mutum.

Mun tarar da Kawu a jingine da matasai uku. Ya rame a kwana goman nan fiye da yadda na zata. Inna ta ce tun shekaranjiya taimama yake yi, don ko zaman da za a zuba masa ruwa yana gajiyar da shi. Na durƙusa na warware rawanin na ɗora masa shantalin a cinya. Ya fara duba bakin, ya ga ba a taɓa ba. Sannan ya kifa shi, ya bi gindin da babban yatsa a hankali, ya ɗan ƙwanƙwasa da farce ya kasa kunne.

"Ba sawun guduma," in ji shi. Yatsan ya ci gaba da tafiya, ya dawo, ya tsaya a daidai wurin da ni yatsana ya daina ji. "Nan an yi aiki biyu."

Taubashina ya buɗe baki zai ce wani abu game da hadari da batir. Na riga shi. Na gaya wa Kawu duka, manyan ƙwayayen fitila da buroshin waya, da cewa na san abin da zai faru kafin in yi, har na koya wa ɗansa ana gobe. Har na gama ban ɗaga kai ba.

"Kwana nawa ya ci?"

"Biyar, Kawu."

Ya yi lissafin da ni ma na riga na yi. Bai ce mini "ba komai" ba, kuma na gode masa da bai ce ba, don da ƙarya ce. Can ya ce, "Cika mani shi."

An kusa kiran azahar. Inna ta kawo tasa ta ajiye a gefen gado, muka gyara masa zama, na cika shantalin daga randa na miƙa. Hannunsa ya shiga mariƙin daram. Ya ja, shantalin ya ɗan tashi daga cinyarsa, ya yi rawa, ya koma. Ya sake gwadawa, bai ko tashi ba. Inna ta matso za ta karɓa, ya girgiza kai ya ce mini, "Rage." Na zubar da rabi a randa. Ya gwada, ya ce in ƙara ragewa. Sai da ya rage abin da bai fi kofin shayi biyu ba sannan ya ɗaga shi.

Ya yi bisimilla. Ruwan ya zubo siriri, bai fantsama ba. Ya wanke hannuwa sau uku, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa ya face, ya wanke fuska, yana dire shantalin a cinya tsakanin kowane ɗaya yana numfashi. Babu wanda ya yi motsi a ɗakin. A wankin fuska na uku ruwan ya ƙare, hannun ma ya ƙare. Ya zauna idonsa a rufe, ruwa yana ɗiga daga gemunsa. Sannan ya tura shantalin wajena da bayan hannu.

"Ƙarasa mani," in ji shi.

Na cika da sauri na dawo. Na zuba masa a damatsa har gwiwar hannu, na jiƙa masa tafi ya shafi kai da kunnuwa, sannan na sauko ƙasa na ɗora ƙafafunsa a tasa na wanke su, dama sannan hagu, ina tsefe tsakanin yatsun. Da a ce ranar Juma'a na kawo, da shi zai yi wannan duka da kansa, kwana biyu ko uku. Ya rayu sati biyu bayan nan, shantalin yana gefen gadonsa kullum a cike, bai ɗiga ko sau ɗaya ba. Amma wannan ce alwala ta ƙarshe da Kawu ya fara da hannunsa.